Makarantar garinmu ko gidan ƙanena a Maraɗi?

Assalamu alaikum, Malam. Ni manomi ne a wani ƙaramin gari na jihar Maraɗi, ina kuma taɓa sayar da aya da gyaɗa ranar kasuwa. Ɗiyata ta fari, mai shekara 16, ta ci jarrabawar BEPC ta kammala kwaleji bana, aka tura ta ajin segond C, wato ajin farko na lise a ɓangaren kimiyya, a makarantar gwamnati ta garinmu. A da makarantar kwaleji ce kawai, wato ƙaramar sakandare, shekaru 3 da suka wuce ne aka ƙara mata azuzuwan lise, wato babbar sakandare. Biyu daga cikin azuzuwan na zana ne, bara kuma an yi watanni babu malamin fizik. Yarinyar tana son ta zama likita. Ƙanena da ke zaune a unguwar Zariya cikin Maraɗi ya ce in kawo ta gidansa ta yi karatu a birni. Matarsa tana da yara 5, tana kuma sayar da abinci. Mahaifiyar yarinyar ba ta yarda ba, mutane kuwa suna cewa makarantar ƙauye ba ta fid da likita. Ina jin kunyar mayar wa ƙanena tayinsa, ina kuma tsoron in zalunci ɗiyata ko ta wace hanya na bi. Ina neman shawararka.

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah, ɗan'uwa. Barka da arziki, Allah ya sa wa yarinya albarka. Wanda ya san yawan 'yan matan da ke shiga ajin farko na kwaleji a garuruwanmu, ya kuma san kaɗan ɗin da ke kai wa aji na huɗu, ya san cewa cin BEPC ga ɗiyar manomi ba ƙaramin abu ba ne, kuma ya san akwai hannun uwa da na uba a ciki.

Shawarata ita ce ka bar ta a gabanka wannan shekara, ta yi segond a makarantar garinku, amma bisa sharaɗi da kuma wa'adi, waɗanda zan bayyana maka. Dalilina shi ne, raunin makarantar garinku a fili yake: kana iya ƙirga azuzuwan zana da yatsa, kana iya tambaya ko malami ya zo ko bai zo ba, kuma abin da ido ke gani hannu na iya gyarawa. Raunin zaman riƙo kuwa a ɓoye yake, ba ya bayyana sai a takardar sakamako, lokacin da shekara ta riga ta tafi.

Na faɗi haka ne domin ni ma ɗan riƙo ne. Da na gama firamare aka tura ni kwaleji a wani gari mai nisa da namu, mahaifina ya damƙa ni ga wani aminin kasuwancinsa. Mutumin kirki ne, bai taɓa zagina ba, bai taɓa hana ni abinci ba. Amma ni ne mai ɗebo ruwa da asuba, ni ne mai kai dabbobi bakin gari, ni ne mai tsaron shago idan ya tafi sallar la'asar, kuma duk wanda ke gidan yana da iko ya aike ni, ni kuwa ba ni da bakin cewa ina da darasi. A zaure nake kwana, idan baƙi suka zo hira sai in jira su tashi kafin in buɗe littafi. Mu bakwai muka tafi daga garinmu, kuma waɗanda suka koma gida kafin shekara ta uku ba don sun fi mu rashin ƙwaƙwalwa suka koma ba. Ni namiji ne, aikin da aka ɗora mini yana ƙarewa da faɗuwar rana. Aikin ɗiya mace a gidan riƙo ba shi da lokacin tashi.

Ban san matar ƙanenka ba, kuma ba na zarginta da komai. Amma ka yi lissafin da kanka. Mace mai yara 5 wadda ke dafa abincin sayarwa tana tashi kafin kiran sallar farko, tana buƙatar mai hura wuta, mai wanke tukwane, mai shirya yara zuwa lakkwal, mai goyon ƙarami idan masu saye sun taru. Idan budurwa mai shekara 16 ta shigo gidan, ko da matar waliyyiya ce, hannunta zai kai ga yarinyar, kuma tarbiyyar da kuka ba ɗiyarku ba za ta bar ta ta zauna riƙe da littafi tana kallon matar baffanta na fama ba. Babu wanda zai yi mugunta a cikin wannan labari, amma sa'o'in karatu za su tafi ɗaya bayan ɗaya. Ina jin abin da mahaifiyarta ta hango ke nan, domin mata sun fi mu sanin abin da ke faruwa a tsakar gida bayan maigida ya fita, saboda haka kada ka ɗauki ƙin yardarta a matsayin son zuciya irin na uwa kawai.

Sannan kalmar "karatu a birni" tana ruɗin mutane. Gaskiya ne Maraɗi tana da tsofaffin makarantu masu suna, irin su lise Ɗan Baskore da makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa, kuma malaman lissafi da kimiyya sun fi taruwa a birni. Amma ɗiyarka an riga an tura ta makarantar garinku, canjin makaranta kuwa sai da takarda da amincewar hukumar ilimi da kuma samun gurbi, ba a yin sa da baki. Idan gurbi bai samu a makarantar gwamnati ba, sai ta kuɗi, kuma ka san abin da rumbunka zai iya ɗauka. Ga kuɗin kabu-kabu ko adaidaita kullum idan makarantar ta yi nisa da unguwar, ga cunkoson azuzuwan birni, inda baƙuwar yarinya mai kunya za ta iya yin wata uku a bencin baya malami bai san sunanta ba. Yajin aikin malamai 'yan kwantaragi idan albashi ya makara, da na ɗalibai idan ƙungiyarsu ta kira, ba sa tambayar birni ko ƙauye, har ma sun fi zafi a birni. Ajin segond C na ƙaramin gari kuwa yawanci bai cika ba, kuma wannan wata ni'ima ce da mutanen garinku ba sa gani, domin an ce ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani yau da gobe.

Duk da haka ba zan ɓoye maka ba, maganar malamin fizik ita ce ta fi tayar mini da hankali a wasiƙarka, fiye da zana nesa ba kusa ba. Bari in yi maka bayanin yadda abin yake. Lise shekara 3 ce: segond, premiyar, terminal. Wanda ya shiga segond C, a premiyar ne zai bi ko dai layin C, inda lissafi da fizik suka fi nauyi, ko layin D, inda ilimin halittu ya shigo sahun gaba tare da su. Mai son likitanci ɗaya daga cikin waɗannan biyun yake buƙata. Jarrabawar bakaloriya kuma, wato bak da ake yi a ƙarshen terminal, ta ƙasa ce baki ɗaya, tambayar da za a ba ɗan Yamai ita za a ba ɗiyarka, mai gyaran takarda kuma bai san ko a ƙarƙashin kwano aka koyar da ita ko a ƙarƙashin zana ba. Wannan yana da daɗi ta wani ɓangare, domin ya rushe maganar masu cewa makarantar ƙauye ba ta fid da likita: tsangayar kiwon lafiya ta jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da ke nan Maraɗi irin bak ɗin ɗalibi da makinsa take dubawa. Amma yana da ɗaci ta ɗaya ɓangaren, domin babu wanda zai yi wa yarinya rangwame saboda an yi watanni babu malami. Lissafi da fizik da shimi, wato ilimin sinadarai, kamar ginin ƙasa suke, sai sahun ƙasa ya bushe ake ɗora na sama, kuma abin da aka tsallake a segond yana jiran ɗalibi a terminal.

Saboda haka sharaɗina na farko yana wuyanka ne. Kafin a buɗe makaranta, ko a makon farko na buɗewa, ka sa rigarka ka je wurin shugaban makaranta, ka gaishe shi da girmamawa, ka ce masa kai uban ɗaliba ne kana so ka san wanda zai koyar da lissafi da wanda zai koyar da fizik a segond C, ko sun iso, ko kuwa ana jiran a turo su. Bayan wata ɗaya ka koma ka roƙi a nuna maka littafin aji, wato wanda kowane malami ke rubuta kwanan wata da darasin da ya koyar ya sa hannu. Ko ba ka karanta Faransanci, idonka zai ga shafin da ya cika da wanda aka bari fari, kuma ɗiyarka za ta karanta maka sauran. Iyaye kaɗan ne suka san da wannan littafi, kuma shugaban makaranta mai kishin aikinsa murna yake yi idan ya ga uba ya tambaye shi, domin yana samun abin da zai dogara da shi idan zai rubuta wa na sama. Ka kuma nemi yaran garinku da suka yi terminal a makarantar bara, waɗanda suka ci da waɗanda suka faɗi, ka ji daga bakinsu, tunda da na gaba ake gane zurfin ruwa.

Yana da kyau ka san dalilin da ya sa malami ba ya zama a ƙaramin gari. Da yawa daga cikin masu koyarwa a irin makarantarku 'yan kwantaragi ne ko matasa masu bautar ƙasa da suka fito daga jami'a. Albashinsu kaɗan ne, yakan makara, wani lokaci sai sun yi tafiya zuwa babban gari kafin su karɓa, a yi asarar kwana biyu ko uku na darasi kowane wata. Saurayi ya iso garin da bai san kowa ba, babu ɗakin haya mai kyau, babu mai ba shi ruwan sha, sai ya fara neman hanyar da za a mayar da shi birni tun kafin ya kwance jakarsa. A nan ne mutanen gari ke da iko fiye da yadda suke zato. Na ga garin da iyaye suka gyara ɗaki biyu a gidan mai gari domin malamai, suka riƙa kai musu ɗan hatsi bayan girbi, suka sa su cikin sha'anin suna da biki, kuma malaman da aka turo don shekara ɗaya suka yi shekaru. Malamin fizik abu ne da ake rububi a duk faɗin jiha, garin da ya iya karɓar baƙo shi ke riƙe nasa.

Wannan aiki ba na mutum ɗaya ba ne. Makarantarku tana da kwamitin gudanarwa da ake kira COGES, tana da ƙungiyar iyayen ɗalibai, kuma na tabbata idan an kira taro ba kowa ke zuwa ba sai an ce za a raba wani abu. Ka shiga, ka ja iyayen sauran 'yan segond, ku rubuta takarda ta hannun shugaban makaranta, ku sa shugaban ƙaramar hukuma da mai gari su mara muku baya, a kai wa hukumar ilimi ta gunduma da ta jiha. Lokacin wannan kuka shi ne farkon shekarar karatu, sa'ad da ake rabon malamai. Wanda ya kai kukansa a watan Fabrairu zai tarar an gama rabo.

Game da zana kuwa, illarta biyu ce. Ta farko ita ce cin lokaci: ba a samun kara da ciyawar saƙa sai an yi girbi, don haka ajin da ya kamata ya fara a Oktoba yakan kai Nuwamba bai tsaya ba, da iskar farkon damina ta taso kuma an tashi ke nan, a yanke shekara kai da ƙafa. Ta biyu ita ce wuta, kuma mu mutanen Maraɗi ba ma buƙatar a tuna mana, domin a watan Nuwamba na 2021 gobara ta cinye azuzuwan zana a wata makarantar firamare a cikin birnin nan, yara fiye da 20 suka rasu, watanni kaɗan bayan irinta ta auku a Yamai a watan Afrilu na shekarar. Ku tabbata masu tuyar ƙosai da awara sun yi nesa da azuzuwan, kowane aji kuma yana da ƙofa fiye da ɗaya. Idan kuma iyaye suka haɗa ƙarfi bayan damina, buga tubali da ta da bango ba abin da ya gagari garin manoma ba ne, sai a nemi ƙaramar hukuma ta taimaka da kwano da ƙofofi.

Sharaɗi na biyu ya fi na farko wuya, domin a cikin gidanka yake. Idan ka hana ta zuwa Maraɗi don gudun kada ta zama 'yar aiki a gidan baffanta, sannan ta zama 'yar aiki a gidan ubanta, to ba ka yi mata komai ba sai canjin tukunya. Kai manomin aya ne, ka san yadda haƙarta da tankaɗe ƙasarta ke cin hannuwa, kuma lokacin ya faɗo daidai da watannin farko na karatu, sa'ad da ake kafa tushen darussa. Bana ka ɗauki ɗan ƙwadago a madadinta, ka lissafa kuɗin a matsayin kuɗin makaranta, za ka ga bai kai na kabu-kabun birni ba. Ku zauna da mahaifiyarta ku yanke aikin da za ta riƙa yi da wanda aka ɗauke mata, a raba sauran ga ƙannenta, har da maza. Ka saya mata fitila mai cajin hasken rana wadda ta zama tata ita kaɗai, ba wadda za a ara a kai wurin hira ko a yi cajin waya da ita ba. Ka ba ta wuri da lokaci bayan sallar isha'i, idan da hali ka buɗe zaurenka ga 'yan ajinsu mata uku ko huɗu su riƙa bitar lissafi tare, domin lissafi da hannu ake koyonsa, a yi ta warware tambayoyi har hannu ya saba.

Akwai kuma abin da ba ka ambata ba amma na san yana tafe. Budurwa mai shekara 16 a ƙaramin gari ba ta rasa masu aiko da gaisuwa, kuma zamanta a gida zai sa su ga kamar ƙofa a buɗe take. Tun watan Disamba na 2017 gwamnati ta fitar da doka kan kare ɗiya mace da tallafa mata muddin tana karatu, amma doka ba ta zama a zaure ranar da dattawa suka zo da goro. Maganarka ce ke zama. Ka faɗa tun yanzu, a gaban 'yan'uwanka da na mahaifiyarta, cewa yarinyar nan sai ta riƙe bak ɗinta, domin wanda ya ji wannan tun da wuri ba zai ce an wulaƙanta shi daga baya ba.

Ƙanenka kuwa kada ka mayar masa da tayinsa, ka karɓa ka sauya masa fasali. Ka je da ƙafarka, kada ka yi ta waya, ka gode masa, ka ce masa kana so ta ƙara shekara ɗaya a gaban mahaifiyarta, amma kana neman taimakonsa ta hanya biyu. Ya samo mata littattafan segond C da na tsofaffin tambayoyin jarrabawa, waɗanda a birni ake samunsu, sannan ya karɓe ta a lokacin hutu, musamman dogon hutun damina, ta shiga darussan hutu da malamai ke shiryawa a Maraɗi, ta cike giɓin da aka bari. Ta haka ya sami ladan da yake nema, zumunci bai taɓu ba, ku kuma kun sami damar gwada gidan na 'yan makonni ba tare da kun jefa shekara guda a ciki ba. Idan ta dawo, mahaifiyarta ce za ta tambaye ta yadda zaman ya kasance, domin ɗiya ba za ta kai ƙarar matar baffanta gaban ubanta ba.

Wa'adin kuwa shi ne ƙarshen wannan shekarar karatu, tare da dubawa a tsakiya idan sakamakon zangon farko ya fito. Kada ka tsaya ga jimillar maki kawai, domin yarinya na iya haye 10 bisa 20 da ƙarfin tarihi da Faransanci alhali lissafinta na ƙasa. Ka duba makin lissafi da fizik da ilimin halittu ɗaya-ɗaya, ka kuma duba ko an yi jarrabawar fizik ɗin ma. Idan malamai sun zauna, littafin aji ya cika, makinta ya tsaya, to ta ci gaba a gida har terminal. Idan kuwa shekara ta ƙare an sake yin watanni babu malami, duk da ƙoƙarinku, to a nan na janye maganata: ka fara neman takardar canji tun kafin a tafi hutu, ta shiga premiyar a Maraɗi, domin shekara ɗaya mai giɓi ana iya cike ta da darussan hutu, amma biyu sun yi yawa ga mai son likitanci.

In har ta kai ga haka, tun ran gini ran zane. Mahaifiyarta ta je ta zauna da matar ƙanenka su yi magana irin ta mata, a san aikin da yarinya za ta riƙa yi da sa'ar da za a bar ta da littafinta. Ka riƙa aika hatsi da ɗan kuɗin cefane kowane wata ko da ƙanenka ya rantse ba ya so, domin ɗan riƙon da ya zo da guzurinsa ba a kallonsa kamar wanda aka jibge wa mutane, kuma ka riƙa leƙawa ba tare da sanarwa ba duk ranar da kasuwa ta kai ka birni.

Abu ɗaya ya rage, a duk wasiƙarka ka faɗi ra'ayin ƙanenka da na mahaifiyarta da na mutanen gari, ban ji abin da ita yarinyar ta ce ba. Ka kira ta ku zauna, ka karanta mata wannan amsa ko ita ta karanta maka, ka tambaye ta wane darasi ne ya fi ba ta wahala bara, da kuma abin da take ji game da zaman Maraɗi. Ranar da za ka je wurin shugaban makaranta ma ka tafi da ita. Idan sakamakon zangon farko ya fito, ka sake rubuto mini ka faɗa mini makinta na lissafi da fizik, da shafi nawa malamin fizik ya cika a littafin aji.